Me Ake Yi a Cibiyar Binciken Laturoni ta Jami'a, Kuma Yaya Zan Gane Wadda Ta Dace In Shiga?

Tambaya

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da basira. Na gama digirin farko a fannin injiniyan lantarki, na yi bautar ƙasa, yanzu ina shagon wani yayana a Kano, muna haɗa wa mutane sola, muna gyaran inbata da caja. Raina yana son komawa karatu. Ina yawan ganin jami'o'i na gida da na waje suna cewa suna da cibiyar binciken laturoni mai aiki a zahiri. Malam, mene ne bambancin irin wannan cibiya da sashen da na yi karatu a cikinsa? Me ake yi a ciki? Kuma in dai suna aiki, me ya sa duk kayan da ke shagonmu daga China suka zo? Tsorona shi ne in bar sana'a, in je in ɓata shekara biyu ko uku, in fito da takarda kawai.

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Amin, na gode da addu'a, ƙanena, ku ma Allah ya sa wa sana'arku albarka. Tsoronka yana kan hanya. Akwai cibiyar da za ka shiga ka fito da hannu da ƙwaƙwalwar da ba ka shiga da su ba, akwai kuma wadda ba ta da komai sai allon suna a bakin ƙofa da ofishin darakta. A shafin intanet kamarsu ɗaya, shi ya sa zan fi daɗewa a kan abin da ke raba su.

Sashe an gina shi ne a kan ɗalibi: ya shigo, a koya masa, a jarraba shi, ya fita. Da zangon karatu yake lissafin lokacinsa. Tuna aikin da ka haɗa a shekararka ta ƙarshe. Ya kunna a gaban malamai, aka ba ka maki, daga nan aka kai shi sito. Babu laifi a nan, domin abin da ake so a gani ke nan, ka iya ko ba ka iya ba. Ita kuwa cibiya an gina ta ne a kan matsala, kuma matsalar tana da mai ita a wajen jami'a: kamfanin rarraba wuta da mitocinsa ke lalacewa, ko asibitin da na'urorinsa ke ƙonewa duk lokacin da aka dawo da wuta, ko manoman rani da injin ban-ruwansu ke tsayawa da tsakar rana. Aikin ba ya ƙarewa don ɗalibi ya gama. Wanda ya zo bayansa zai ɗauki littafin gwajinsa da zanen da'irarsa, wato taswirar hanyoyin da wuta ke bi a cikin na'ura, da manhajar da ya rubuta, ya ɗora daga inda aka tsaya. Saboda haka cibiya ta gaskiya tana da ma'aikatan da ba sa shiga aji ko kaɗan: injiniyoyin bincike, da ƙwararrun masu aikin hannu da suka san halin kowace na'urar awo, suka san wadda ke ƙarya in ta yi zafi. A ganina waɗannan mutane su ne ƙashin bayan wuri, ko da yake ba kasafai ake kiran sunansu a wajen taro ba.

Akwai kuma bambanci tsakanin binciken tushe da binciken aikace. Mai binciken tushe yana son sanin yadda lantarki ke tafiya a cikin wani sinadari, ko da ba a san amfanin abin ba tukuna. Irin wannan ne ya haifar da transisto, ɗan abin da ke kunna wuta da kashe ta ko ƙara mata ƙarfi a cikin na'ura, a 1947 a ɗakin binciken kamfanin Bell a Amurka. Mai binciken aikace kuwa yana ɗaukar abin da aka riga aka sani, ya yi tambaya mai wuya ta wata fuska: ga transisto, ga batir, ga ƙaramar kwamfuta a cikin ɗan guntu, yaya zan haɗa su su yi wannan aiki, a kan wannan farashi, cikin wannan zafi, har shekara biyar ba a buɗe murfi ba? Wasu malamai suna raina wannan tambaya, suna ganin aikin masu gyara ne. Ban yarda da su ba, kuma labarin da zan ba ka yanzu shi ne hujjata.

A ƙarshen shekarun 1970, a Jami'ar Surrey da ke Ingila, wani matashin mai bincike, Martin Sweeting, da 'yan abokan aikinsa suka ƙudura gina tauraron ɗan Adam. A lokacin wannan aiki ne na manyan gwamnatoci, kuma kowane ɗan ƙaramin kaya da za a sa a ciki sai an ƙera shi musamman don sararin samaniya, da tsada mai tsanani. Su ba su da wannan kuɗi. Sai suka ɗauki kayan laturoni irin na kasuwa, suka zauna suna gwada su: wanne ne zai jure girgizar roka, wanne ne zai jure zafi da sanyi masu sauyawa, wanne ne zai jure hasken da ke lalata guntun silikon (ɗan ƙaramin abin da ke ɗauke da da'irori masu yawa) a sama, kuma yaya za a zana da'ira ta yadda in ɓangare ɗaya ya mutu sauran za su ci gaba da aiki. A watan Oktoba na 1981 aka harba tauraronsu na farko, UoSAT-1, a matsayin ɗan rakiya a rokar NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka. Na biyu ya tashi a 1984. A 1985 jami'ar ta kafa kamfani mai suna Surrey Satellite Technology domin sayar da wannan ƙwarewa. Kamfanin nan ne ya gina NigeriaSat-1 da aka harba daga Rasha a watan Satumba na 2003, kuma a ɗakunansa ne injiniyoyin Nijeriya na hukumar binciken sararin samaniya, NASRDA, suka sami horo har suka haɗa NigeriaSat-X da hannunsu, wanda aka harba tare da NigeriaSat-2 a 2011.

Lura da abu biyu a nan. Ba su ƙirƙiro sabon transisto ba. Iliminsu duka yana cikin sanin abin da kayan kasuwa za su iya jurewa a wurin da ba don shi aka yi su ba, kuma wannan ilimi ne da ba a samunsa sai ta gwaji da rubuta sakamako. Na biyu, daga tauraron farko zuwa ranar da aka harba wanda suka gina wa Nijeriya, shekara 22 ce. Ƙungiya ɗaya, a kan layi ɗaya, ba tare da an rushe ta don an canza shugaban jami'a ba.

Sai maganar kuɗi, domin inda kuɗin cibiya ke fitowa shi ke nuna wa take yi wa aiki. A Jamus akwai ƙungiyar cibiyoyin Fraunhofer da aka kafa a 1949. Ba jami'a ba ce, amma yawancin cibiyoyinta suna maƙwabtaka da jami'a, kuma shugaban cibiya galibi farfesa ne a jami'ar, ɗalibai masu digiri na biyu da na uku suna aiki a ciki. Tsarinsu shi ne gwamnati ta ba da kimanin kashi ɗaya cikin uku na kuɗin gudanarwa, sauran kuma cibiya ta nemo da kanta ta hanyar kwangilar bincike daga masana'antu da gasar ayyukan gwamnati. Kason gwamnati yana ba su damar yin aikin da bai nuna ba tukuna, kason kwangila kuma yana hana su yin nisa da bukatar masu saye. A cibiyarsu da ke Erlangen, tare da jami'ar garin, aka yi babban ɓangaren aikin da ya haifar da MP3, tsarin matse sauti a ƙaramin fayil. Karlheinz Brandenburg ya kammala digirinsa na uku a kan matse sauti a 1989, aka raɗa wa fayil ɗin suna a 1995. Yawancin wa'azi da karatun Alƙur'ani da ake tura wa mutane a katin waya a kasuwanninmu, a kan wannan aiki suke tafiya. Kuɗin lasisin fasahar ya riƙa komawa Fraunhofer shekara da shekaru, ana juya shi a sabon bincike. A Beljiyam ma, cibiyar imec da aka kafa a 1984 a gefen Jami'ar Leuven ta fara da mutane ƙalilan, yau tana da dubban ma'aikata, kuma manyan kamfanonin ƙera guntun silikon na duniya suna biyan kuɗi su yi gwaji a ɗakunanta.

To, me ake yi a ciki kullum? In ka shiga cibiya mai rai, abin da za ka fi gani shi ne awo. Zane yana cin ɗan lokaci, awo ne ke cin yawancinsa. Za ka ga osiloskof, na'urar da ke nuna siffar wuta a allo, a kunne, da na'urar da ke nuna irin igiyoyin rediyon da da'ira ke fitarwa, da lodin gwaji da ake ja wa inbata wuta da shi a hankali har a ga inda za ta gaza, da kyamarar zafi mai nuna wane mosfet (wani nau'in transisto) ne ya fi 'yan'uwansa ɗumi, da akwatin da ake sa na'ura a ciki a ɗaga zafi zuwa digiri 60 ko 70 a bar ta kwana da kwanaki. Kafin a narkar da dalma ko a buga bod, wato allon da ake jera kayan laturoni a kai, ana gwada da'irar a kwamfuta. Manhajar SPICE da ake wannan aiki da ita, da duk 'ya'yanta da jikokinta, daga Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ta fito a 1973, ita ma 'yar ɗakin binciken jami'a ce.

Hukumar NASA ta kasa tafiyar kowace fasaha zuwa matakai tara, kuma masu ba da kuɗin bincike a ƙasashe da yawa sun ɗauki wannan ma'auni. Mataki na 1 shi ne an fahimci ƙa'idar abin. Na 3 da na 4, an nuna yana aiki a kan teburin gwaji. Na 9, yana hannun jama'a yana aiki. Kusan duk ayyukan ɗalibanmu a na 3 ko na 4 suke tsayawa. Aikin cibiyar aikace shi ne tsakanin 4 da 7, wurin da ya fi cin kuɗi, ya fi gajiyarwa, kuma ba ya kawo yabo da wuri. A nan ne ake sauya zanen bod sau uku ko huɗu, a gano cewa ay-sin, wato guntun silikon, da aka dogara da shi an daina ƙera shi, a yi akwatin da ƙura ba ta shiga amma zafi yana fita, a sa guda 20 a gidajen mutane a bar su damina da rani ana zuwa ana dubawa. Wadda ta iya tuƙa tuwon gidanta, in aka ce ta ciyar da taron biki, za ta ga cewa tukunya da wuta da lokaci duk sun canza, ko da yake garin ɗaya ne. Haka tazarar take tsakanin na'ura ɗaya da ta kunna da guda dubu da dole kowace ta kunna. Bayan haka ga hukumomi: mita sai ta bi ta gwajin NEMSA mai duba kayan wutar lantarki, na'urar sadarwa sai hukumar sadarwa ta NCC ta amince da nau'inta, na'urar asibiti sai ta bi ta NAFDAC, ga kuma ƙa'idojin SON, hukumar kula da ingancin kaya. Cibiyar da ba ta taɓa kai kayanta gaban ɗaya daga cikin waɗannan ba, da wuya a ce ta taɓa wuce mataki na 5.

Yanzu tambayarka ta China. Cibiyar bincike ba masana'anta ba ce, kuma ko da ta yi zane mai kyau, sai an sami wanda zai ƙera shi da yawa da araha. Abin da birnin Shenzhen na China yake da shi shi ne kusanci: mai buga bod, mai sayar da ay-si, mai zuba akwatin roba, mai naɗa tiransifoma, duk suna nesa kaɗan da juna. Injiniya zai gyara zane yau, ya riƙe sabon bod cikin 'yan kwanaki. Kai kuwa in ay-si ɗaya ya ƙone maka a Kano kuma babu shi a Sabon Gari, sai ka nemi dala, ka yi oda, ka jira makonni. Wanda ke gwaji sau goma kafin ka yi sau ɗaya dole ya riga ka. Ga kuma yawa: wanda ke sayen kafasito (ɗan abin da ke ajiye wuta na ɗan lokaci) miliyan ɗaya ba farashi ɗaya yake biya da mai sayen ɗari ba.

Amma su ma ba da wannan suka farka ba. Taiwan ta kafa cibiyar ITRI a 1973 a Hsinchu, garin da ke da manyan jami'o'in kimiyya biyu. A 1976 ta tura matasan injiniyoyi kamfanin RCA na Amurka su koyo ƙera guntun silikon, suka dawo suka kafa ƙaramar masana'antar gwaji. Daga cikinta kamfanin UMC ya fito a 1980, sannan TSMC a 1987, wanda yau shi ne kan gaba a duniya wajen ƙera wa wasu kamfanoni guntu. Wannan cibiya ce ta gwamnati, amma jami'o'in da ke kewaye da ita ne suka riƙa ba ta mutane.

Ba na ba kowace jami'a tamu shawarar ta sa burinta a kan masana'antar guntun silikon. Ta zamani ɗaya tana cin sama da dala biliyan 10, tana bukatar wutar da ba ta ƙiftawa da ruwa mai tsabtar gaske. Mai son koyon zanen guntu ma ba sai ya mallaki masana'anta ba. Tun 1981 shirin MOSIS a Amurka ya buɗe hanyar da jami'o'i da yawa ke haɗa zanensu a faifan silikon ɗaya su raba kuɗin ƙira, kuma irin wannan hanya tana nan har yau. Inda nake ganin muna da abin faɗa a duniya shi ne ainihin abin da ke kan teburinka a shago.

Bari mu yi lissafi. Kafasito mai ruwa a ciki, irin wanda ke kumbura a inbata, galibi an rubuta masa awa 2,000 a zafin digiri 105. Ƙa'idar da masu ƙera shi ke bayarwa ita ce duk ragin digiri 10 yana ninka rayuwarsa. In cikin akwatin inbata yana digiri 65, zai kai awa 32,000, wato sama da shekara uku da rabi yana aiki dare da rana. In ya kai 85, awa 8,000 ce kawai, bai cika shekara ba. A watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, iskar waje kanta tana wuce digiri 40, ga inbata a ɗakin kwano marar taga, ga ƙurar hunturu ta toshe fanka da ƙarfen da ke shan zafi. Wanda ya zana ta ya yi lissafinsa ne da ɗaki mai digiri 25 ko 30. Haka farantin sola: ƙarfin da aka rubuta a bayansa an auna shi ne a digiri 25, kuma yana rasa kimanin kashi 0.4 cikin ɗari a kowane digiri da ya ƙaru. In ya yi zafi zuwa 65 a kan rufi, kashi 16 cikin ɗari ya tafi, farantin wat 300 ya koma kusan 250, kafin ma a yi maganar ƙura. Batirin dalma shi ma zafi yana cin rayuwarsa da irin wannan sauri. Sannan ga injin firji ko famfo da ke jan wuta ninki biyar ko shida a daidai lokacin tashi, ga wutar layi da ya kamata ta zama bolt 230 amma tana faɗuwa ƙasa sosai ko ta dawo da ƙarfi, ga tsawar damina.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan batun bincike ne cikakke, kuma babu wanda zai zo daga wata nahiya ya auna mana su. Wace irin sanyaya ce za ta yi aiki ba tare da fanka ba? Yaya za a zana na'urar sarrafa famfon sola da za ta rage gudu in rana ta yi rauni maimakon ta tsaya? Wane tsarin caji ne zai tsawaita rayuwar batir a ɗaki mai digiri 40? Yaya za a kare firjin allurar rigakafi da kwalbar jarirai bakwaini daga wuta mai hawa da sauka? A Indiya, tawagar Farfesa Ashok Jhunjhunwala a cibiyar fasaha ta IIT Madras ta dubi irin wannan matsala ta yi tambaya mai sauƙi: farantin sola da batir wuta miƙaƙƙiya (DC, mai tafiya gefe ɗaya) suke bayarwa, ƙwan LED da waya da fanka ta zamani ita suke ci, to me ya sa za a juya ta da inbata sannan a sake juyo ta, ana asara a kowane juyi? Sai suka tsara gidaje masu aiki da bolt 48 kai tsaye ba inbata, aka kafa su a dubban gidajen karkara. Wannan amsa daga sanin gidan talakan ƙasarsu ta fito.

A nan gida akwai tubalan da aka aza. Akwai Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tun farkon shekarun 1980, mai aiki a kan hasken rana. Akwai cibiyar binciken makamashi ta CERT a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, wadda ke riƙe da na'urar nukiliya ta bincike tun 2004, wurin da awo da kula da na'urori ba abin wasa ba ne. Hukumar NASENI da aka kafa a 1992 tana da cibiyar bunƙasa laturoni a jihar Anambra da masana'antar haɗa farantin sola a Karshi, Abuja. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure ta shiga shirin da Cibiyar Fasaha ta Kyushu a Japan ta jagoranta, aka harba ɗan ƙaramin tauraro NigeriaEduSat-1 a 2017, tare da GhanaSat-1 na Jami'ar All Nations ta Ghana. A Nijar, Farfesa Abdou Moumouni Dioffo ya jagoranci ofishin binciken hasken rana na ONERSOL a Yamai tun daga 1969, suna ƙera na'urorin dumama ruwa da na girki da rana, tun kafin duniya ta waiwayi sola. Jami'ar Yamai sunansa take ɗauke da shi. Kuɗin bincike kuma akwai asusun TETFund na tallafa wa manyan makarantu, akwai NOTAP mai taimaka wa masu bincike su yi rajistar haƙƙin ƙirƙira. Abin da ke damuna, kuma ina faɗarsa da ciwon zuciya, shi ne sau da yawa kuɗi yana zuwa don gini da sayen na'ura, amma ba ya zuwa don gyaranta, ko daidaita ma'auninta, ko albashin wanda zai kula da ita. Na taɓa shiga ɗakin gwaji na tarar da na'ura mai tsada a cikin ledarta, shekaru bayan sayenta, saboda babu wanda aka horar a kanta kuma ana tsoron wuta ta ƙona ta. Kuma tsarin ƙarin girma ya fi ƙirga maƙalar da malami ya buga fiye da na'urar da ya kai hannun jama'a, don haka malami mai iyali zai bi inda ake ƙirgawa.

Saboda haka kada ka zaɓi wuri daga takardar talla. Je da ƙafarka, gani ya kori ji. Ka ce a nuna maka abu ɗaya da ya fita daga cibiyar yake aiki a hannun wani a waje yau, kuma a faɗa maka inda yake domin ka je ka gani. Ka tambayi wanda ke biyan kuɗin ayyukan da ake yi yanzu. In akwai kamfani ko asibiti ko ƙungiyar manoma a ciki, alama ce mai kyau. Dubi teburan aiki: akwai wayoyi da ɗigon dalma da bod da aka ƙona, ko kuwa komai a share yake a rufe? Tambayi ɗalibi, ba a gaban malaminsa ba, ko ana barinsa ya taɓa osiloskof da kansa, da tsawon lokacin da yake jira kafin kayan da ya nema su iso, da ko daga aljihunsa yake saye. Tambayi yadda ɗakin ke samun wuta, domin gwajin da ke bukatar awa 72 a jere ba ya yiwuwa a inda ake kashe janareta ƙarfe huɗu. Nemi sanin inda ɗaliban da suka gama shekara uku da suka wuce suke aiki. Mafi nauyi duka shi ne malamin da zai duba aikinka: yana shiga ɗakin gwaji da kansa? Ɗalibai nawa ne a hannunsa? Malami nagari a ƙaramin ɗaki ya fi maka babban gini da ba ka ganin mai duba ka sai ranar sa hannu. In waje za ka nema, waɗannan tambayoyi ba su canza ba, sai dai ka aika su ta imel ga ɗaliban da ke can.

Game da shago, ban ga dalilin da zai sa ka yanke hulɗa da shi ba, in yayanka ya amince. Kana da abin da yawancin masu neman digiri na biyu ba su da shi: na'urori matattu suna zuwa hannunka kullum, kowace da labarin mutuwarta. Daga gobe ka sami littafi. Duk inbata ko caja da aka kawo, rubuta ƙarfinta, da watannin da ta yi tana aiki, da abin da ya ƙone a ciki, da kayan da aka ɗora mata, da irin ɗakin da take, da watan da ta mutu, da ko akwai wutar layi ko janareta a haɗe. Ɗauki hoton bod ɗin kafin ka taɓa shi. Sayi ɗan ma'aunin zafi mai araha, in kun je haɗa sola ka auna ɗakin batir da azahar. Ka nemi izinin masu kayan, kuma kada ka rubuta sunayensu. Cikin wata shida za ka ga wasu abubuwa suna maimaita kansu, kuma daga nan batun bincikenka zai fito da kansa.

Kafin nan ka gyara wuraren da karatun digirin farko ya kan bar mutum da rauni. Koyi zana bod da manhaja kyauta irin KiCad, ka aika a buga maka ko guda biyar ne, ka haɗa, ka ga kuskurenka da idonka. Koyi rubuta manhajar ƙananan kwamfutoci da harshen C, ka wuce matakin kwafar misalan Arduino, ɗan bod ɗin da masu koyo ke farawa da shi. Saba da karanta takardar bayanin kowane ay-si daga farko har ƙarshe, musamman shafin da ke nuna yadda ƙarfinsa ke raguwa da zafi. Ka koma kan lissafin da'ira da na sarrafa na'ura, domin a digiri na biyu su ne za su fara tare ka. Ranar da za ka je ganin malamin da kake so ya duba aikinka, tafi da littafin nan da bod ɗaya da ka zana da kanka, ka ajiye masa a tebur, ka lura da irin tambayoyin da zai yi maka. In ya jawo kujera ya fara buɗa shafuka yana tambayar dalilin da ya sa mosfet ɗin gefe ɗaya ne ke yawan ƙonewa, ka nemi fom a wurinsa. Allah ya yi maka jagora, ya sa a dace.